Gizo, Gammo da Itacen Kwakwa: Bajojin Sojojin Afirka ta Yamma a Hannun Masu Tara Kayan Tarihi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi bajoji da lambobin yabo na rundunar sojojin da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma, daga 1897 zuwa 1960, ta fuskar masu tara su da masu cinikinsu. Ta bi diddigin bambance-bambancen da ake samu a baji iri ɗaya, na ƙarfe da na ƙyalle, ta nuna cewa abin da ɗan kasuwa yake yanka farashi da shi, shi ne kuma shaidar da mai nazarin tarihi yake nema. Ta ƙalubalanci ra'ayin cewa baji mai kyan ƙira shi ne na ainihi, sannan ta kawo hujjar barin kayan kowane tsohon soja wuri ɗaya tare da sunansa.

Gabatarwa



Mazaunin Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin. Na Zariya ya san Chindit, na Legas kuma ya san Dodan da Arakan da Myohaung. Duk sunayen nan daga yaƙin ƙasar Bama suka samo asali, ƙasar da yau ake kira Myanmar, inda dubun-dubatar sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa tsakanin 1943 da 1945. Sunayen sun zauna daram a ƙofofin barikoki. Amma ƙananan abubuwan da mutanen suka maƙala a hula da kafaɗa da ƙirji, da yawansu sun bar hannun zuriyarsu. Wasu sun bi 'yan jari-bola an narke su, wasu suna Landan a gidajen tarihi irin su Imperial War Museum da National Army Museum, wasu kuma suna ta sauya hannu a gwanjon intanet.

A Turai da Amurka tara bajojin soja tsohon abin sha'awa ne, da ƙungiyoyinsa da littattafansa da dillalansa. Wanda ya yi nisa a harkar ba ya gamsuwa da baji ɗaya na kowace runduna. So yake ya haɗa na hafsa da na ƙaramin soja, na farkon yaƙi da na ƙarshensa, wanda aka buga a Birmingham da wanda aka zuba a wata kasuwa a Indiya. Mu a nan mukan ɗauki wannan a matsayin wasan wanda ya ƙoshi. Ni ina ganin mun yi saurin yanke hukunci, domin waɗannan mutane sun ƙware a wani irin karatu da mu masu bin takardun ma'ajiya ba mu iya ba, wato karanta bayan baji.

Itacen kwakwa da harafi ɗaya

Tarihin rundunar sananne ne, don haka ba zan daɗe a kansa ba. A 1863 John Glover ya kafa ƙaramar rundunar Hausawa a Legas. A 1897 aka ɗora wa Lugard kafa rundunar da ta zama ta Afirka ta Yamma baki ɗaya, wadda ta ƙunshi sojojin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Hausa ce ta zama harshen bariki. Tambarin rundunar itacen kwakwa ne tsaye a kan ɗan tudu, ƙarƙashinsa da wani ƙyalle mai lanƙwasa ɗauke da haruffan sunanta.

A haruffan nan ne mai tarawa yake fara darasinsa. Kafin 1928 haruffa huɗu ne, W.A.F.F. A wannan shekara Sarkin Ingila ya ba rundunar laƙabin sarauta, aka ƙara R a gaba, ya zama R.W.A.F.F. Saboda haka duk wanda ya nuna maka baji mai haruffa biyar ya ce da shi kakansa ya je yaƙin Kamaru a 1915, to, ko dai labarin ya haɗe yaƙi biyu, ko kuma kakan ya daɗe a aiki har aka sauya masa baji. Akasin haka kuwa bai zama hujja ba. Ma'ajin kayan soja ba ya zubar da abin da bai lalace ba, kuma tsohon baji yakan ci gaba da fita daga sito shekaru bayan an yi sabo. Harafin yana gaya mana lokacin da baji ba zai girme shi ba, amma ba ya gaya mana ranar da aka daina sa tsohon.

Haka kambin sarauta yake aiki a kan maɓallai da bajojin sassan da ke ɗauke da shi. Mai zagayayyen kai na zamanin sarakuna maza ne, daga 1902 zuwa 1952. Mai ɗan lotsawa a tsakiya na Sarauniya Elizabeth ne, daga 1953. Ziyararta ta 1956 ta sa aka jingina sunan rundunar Nijeriya gare ta, sannan a 1960 aka rufe babin rundunar haɗin gwiwar gaba ɗaya.

Bugu da zubi

A nan ne maganar take da nama. Hanya biyu ake yin bajin ƙarfe. Ta farko bugu: a sa falle na tagulla tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe, inji ya danna da ƙarfi. Kamfanonin Ingila irin su J.R. Gaunt da Firmin haka suke yi. Idan ka juya irin wannan baji za ka ga bayansa da rami, kowane ganyen kwakwa da ya taso a gaba ya lotsa a baya, gefensa kuma a yanke tsaf. Ta biyu zubi: a danna baji na ainihi a cikin damammen yashi ya bar gurbinsa, a narka tagulla a zuba. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyon a kasuwa ya ga aikin da idonsa. Bajin zubi bayansa a cike yake, da ƙananan ramuka kamar zanzana inda yashi ya taɓa, da sawun zarto a gefe inda aka goge abin da ya malala. Haruffansa sukan dushe, kuma yakan ɗan gaza na bugu girma, domin ƙarfe yana tsukewa idan ya huce.

A bayan kuma akwai abin maƙalawa. Wani baji kunnuwa biyu gare shi na jan ƙarfe, a huda hula a zura su, a soka tsinke mai baki biyu ya riƙe. Wani kuma harshe ne dogo da ake cusawa a bakin hula. Mai ido yakan duba yadda aka liƙa su, da launin dalmar, da ko akwai sunan kamfani a kan harshen. Na hafsoshi yakan zo da ruwan zinariya ko azurfa ko baƙin tagulla marar ƙyalli. Da tagulla ta yi tsada a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, har bajojin roba Ingila ta yi wa rundunoninta da dama, sojoji kuwa ba su so su ba.

Abin da ya zama ruwan dare a kasuwa shi ne a ce na bugu na gaske ne, na zubi jabu. Wannan magana rabinta gaskiya ce. Mai yin jabu a yau zubi ya fi masa sauƙi. Sai dai sojan da ya yar da bajinsa a sansani a Indiya a 1944 ba zai jira jirgin ruwa daga Ingila ba, ga fareti da safe, ga saje-manja ba ya jin uzuri. Maƙerin kasuwa zai nema. A Indiya da Masar an zuba bajojin rundunoni iri-iri ta wannan hanya a lokacin yaƙi, kuma masu tarawa da suka san abin da suke yi suna ware musu gurbi na musamman. A ɗaya ɓangaren, bugu ma ba ya wanke baji. Tsofaffin hatimai sun faɗa hannun 'yan kasuwa, kuma tun wajajen shekarun 1970 ake sake buga bajoji da su ana sayarwa. Irin wannan baji komai nasa daidai ne, sai dai bai taɓa hawa hular soja ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

To me ya rage? Sawun amfani. Soja yana goge bajinsa da Brasso kusan kullum, shekara da shekaru. Gugar tana cinye wuraren da suka fi tasowa, tsakiyar kututturen kwakwar da saman haruffa, ta bar lunguna da busasshen farin gari ko baƙin datti. Mai tsofar da baji da ruwan batir ko binnewa a ƙasa yakan samu launi ɗaya ko'ina, tudu da kwari. Kunnuwan da aka sha cusawa ana cirewa sukan ɗan karkace, ramin tsinken ya faɗaɗa. Waɗannan ba sa fitowa sosai a hoto, shi ya sa sayen baji ta intanet yakan zama cinikin biri a sama.

Gizo da gammo

Bajojin ƙyalle su suka fi kusa da mu, su ne kuma suka fi wahalar tantancewa. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu don yaƙin Bama. Ta 81, ƙarƙashin Manjo-Janar Woolner, ta ɗauki baƙin gizo-gizo a kan rawayan fili. A takardun dillalai za ka ga an rubuta shi da sunan wani gizo-gizo mai dafi kawai, alhali Ananse ake nufi, gwanin wayon tatsuniyoyin mutanen Akan, mai kayar da wanda ya fi shi ƙarfi da dabara. Bahaushen da aka ɗinka wa wannan a kafaɗa ba ya buƙatar tafinta, ya san mijin Ƙoƙi tun yana yaro. Kai ƙasa ake ɗinka shi, kuma bayanin da tsofaffin hafsoshin rundunar suka bayar shi ne, idan soja ya ɗaga hannu zai yi harbi, sai gizon ya fuskanci abokin gaba. Na sha ganin hotunan allunan masu tarawa da gizon yana kallon sama. Wanda ya manna shi haka ya mallaki ƙyallen, bai ji labarin ba.

Runduna ta 82, wadda Manjo-Janar Bruce ya fara jagoranta kafin Hugh Stockwell ya karɓa a farkon 1945, ta ɗauki masu biyu a gicciye cikin gammo, a kan rawayar garkuwa. A ganina, cikin bajojin yaƙin nan kaf da wuya a sami wanda ya faɗi gaskiyar aikin rundunarsa kamar wannan. Tsaunukan Arakan da kwarin Kaladan ba wurin mota ba ne. Abin da ya ba rundunonin Afirka ta Yamma damar kutsawa inda wasu suka kasa shi ne rukunonin 'yan dako, sojoji ne cikakku, masu ɗaukar harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, galibinsu da adda kaɗai a hannu, sauran kayan kuma jirgin sama ya jefo. Runduna ta 81 ta sare daji ta fitar da hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70 kafin ta kai Kaladan. Rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Littattafan yaƙi sun fi ambaton mai bindiga, baji kuwa ya sa gammo a tsakiya.

Bambance-bambancen a nan ba su da iyaka. Akwai wanda aka buga da tawada a kan farin yadi mai rini, akwai na ɗinkin zare, akwai na zaren ƙarfe mai ƙyalli da telolin Indiya suke yi wa mai kuɗin biya. Gizon wani siriri ne, na wani ƙato mai gashi. Filin wani zagayayye, na wani mai kusurwa huɗu. Rawayan ma daga mai haske har mai kama da ƙasa. Babu mamaki, tunda hannaye da yawa ne suka yi su a wurare dabam-dabam. Mai neman “sahihin samfuri” guda ɗaya da zai auna sauran da shi yana neman abin da ba a taɓa yi ba.

Wajibi ne kuma a rage wa dillalai zaƙin baki. Rawaya mai haske ba abin sawa ba ne a dajin da maharbin Japan yake laɓe, kuma akan cire alamar runduna lokacin fita daga don kada abokin gaba ya san da wa yake karawa. Yawancin waɗannan ƙyallaye an sa su ne a sansani, ko a jirgin dawowa gida, ko a bikin nasara irin wanda aka yi a Landan ranar 8 ga Yunin 1946. Wannan ya fi shafar bajin Chindit, mai hoton zakin da ke gadin wuraren ibadar Bama. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta rundunar Nijeriya sun yi yaƙi a ƙarƙashin wannan tuta a 1944, a rundunar da Orde Wingate ya kafa. Sunan yana da kasuwa, don haka jabunsa ya yi yawa. Masu tantancewa sukan haska fitila mai shuɗin haske a kan ƙyallen, domin sinadarin ƙara fari da masaƙu suka rungumi sawa bayan yaƙi yana walƙiya a ƙarƙashinta. Wasu sukan ƙona silin zare: auduga ta zama toka, na roba ya dunƙule. Gwaje-gwajen nan suna iya kama maƙaryaci, amma ba sa iya rantsar da mai gaskiya, tunda tsohon yadi da tsohon zare ba su ƙare a duniya ba.

Lambobi masu suna da marasa suna

Lambar yabo ta bambanta da baji, domin mutum ɗaya ake ba. Lambar hidimar Afirka da aka ƙirƙiro a 1902 tana da 'yan sanduna a jikin ƙyallenta masu nuna yaƙin da aka halarta. Akwai mai rubutun Arewacin Nijeriya 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, akwai ta 1906, shekarar yaƙin Satiru da na Haɗeja. A gefen lambar an zana lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa. Wannan abu ne mai nauyi a hannun ɗan Arewa. Sau da yawa sunan da ke gefen na Bahaushe ne ko Babarbare ko Bayarabe, kuma garin da aka ba shi lambar don ya ci, garinmu ne. Ba na ganin wannan dalilin kau da kai. Wanda yake son sanin su waye suka riƙe wa Lugard bindiga, ga sunayensu a azurfa.

Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya ma suna da suna. Da aka zo na Biyu sai Ingila ta raba taurarinta babu suna, har da Tauraron Afirka, wanda ya shafi sojojin Nijeriya da suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 suka wuce Habasha, da Tauraron Bama mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya sun zana sunayen mutanensu. Sojan Kano ko Bauci ko Katsina kuwa ya karɓi tauraro irin na kowa. Ranar da aka raba tauraron nan da takardar sallamarsa, ya zama tagulla mai kusurwa shida, babu mai iya cewa na wane ne.

Misalin Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, yana nuna amfanin ido irin na masu tarawa. Ya fara aikin soja da Jamusawa a Kamaru, Turawan Ingila suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu, ya kai saje-manja na bataliya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya halarci naɗin Sarauniya a 1953, aka ba shi kyaftin na girmamawa. An sha rubuta cewa Jamusawa sun ba shi lambar Gicciyen Ƙarfe. Masana lambobin Jamus kuwa sun san cewa akwai wata lambar jarumta dabam da aka keɓe wa sojoji 'yan ƙasa a yankunan mulkin mallakarta. Wannan bai rage masa komai ba. Tambaya ce da sai wanda ya san ƙarfen zai iya yin ta, mu kuwa mun yi shekaru muna kwafar jimlar daga littafi zuwa littafi.

Abin da kasuwa take rabawa

Na taɓa zama a wani zaure aka fito mini da akwatin ƙarfe na wani tsohon soja da ya rasu. A ciki akwai bajin kwakwa na zubi, ɗaya kunnen an ɗaure shi da waya, da gammo da masu na ƙyalle wanda har yanzu guntayen koren zare suna jikinsa inda aka farke shi daga riga, da igiya biyu ta kofur, da taurari biyu, da ɗan littafin sallama da gara ta ci gefensa. Dillali zai ce bajin mummuna ne, ƙyallen ya ƙoƙe, taurarin kuma ana samunsu ko'ina. Idan ya saya, ɗaya-ɗaya zai sayar, domin haka ya fi riba, littafin kuma wataƙila ya tafi ga wani mai tara takardu a wata ƙasa. Alhali littafin ne ya ba taurarin suna, koren zaren ya tabbatar da cewa an sa ƙyallen a rigar daji, shi kuma bajin zubin, da yake an san mai shi da inda ya je, ya zama ma'aunin da za a gwada wasu irinsa da shi. Sojan da John Hamilton ya rubuta tarihin rundunarsu a littafinsa War Bush, ko Biyi Bandele ya ƙaga labarinsu a Burma Boy, a irin wannan akwati ake samun sa da sunansa.

Don haka shawarata ga sassan tarihi na jami'o'inmu, da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Makama a Kano, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ba ta karɓe kaya daga hannun iyalai ba ce. Mutane suna da dalilinsu na ƙin rabuwa da kayan mahaifi, kuma akwatin da ya shekara 80 a ɗaka ya nuna ya iya tsare kansa. Rajista ake buƙata. Ɗalibi ya je da waya mai kyamara da ma'auni, ya ɗauki kowane baji gaba da baya, bayan ma ya fi muhimmanci, ya auna tsawo da faɗi da nauyi, ya ɗauki kowane shafi na littafin sallama, ya rubuta lambar sojan da bataliyarsa da garinsu, ya naɗi abin da iyali suka ji daga bakinsa, ya kuma ware abin da takarda ta faɗa da abin da aka ji. A roƙi masu kayan kada su goge tagullar, kada su wanke ƙyallen, kada su sauya wa lamba ƙyalle don ya tsufa. Ofisoshin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jihohi su ne ƙofar shiga, tunda sun san gidajen. Aikin kuma bai kamata ya tsaya a iyaka ba: a zangunan Kumasi da Accra akwai zuriyar Hausawan rundunar Gwalkwas, a Maraɗi da Damagaram kuma akwai jikokin waɗanda suka sa jar dara a rundunar Faransa, su ma da nasu akwatunan, da bajojin da sunan kamfanin Drago ko Arthus-Bertrand yake bayansu.